Kwandon Thongdi

Da safiyar Asabar Wirot ya sake ganin kwandon a bakin shingen bayan gonar Lamduan, cike da baƙin inabi, an rufe shi da ganyen ayaba. Ya damƙe birkin kekensa har tsakuwa ta yi tsalle.

Mutumin Bangkok ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, sai ya sayi keken da ya fi babur tsada, da matsattsen wando irin wanda mai tumbi bai kamata ya kusanta ba. Duk ƙarshen mako yana tuddan Pak Chong, yana bin hanyoyin tsakuwa tsakanin gonakin inabi. Da farko iska ya zo sha. Daga baya kowa ya lura duk inda ya nufa, a ƙofar Lamduan yake ƙarewa. Bazawara ce mai gona a gindin dutse, da baki kamar barkono. Ya yi mata maganar aure, ta ce ya bari a gama tsinkar inabi.

Yau ya kasa daurewa, ya same ta cikin gonar. "Kwandon nan fa, na wa ne?"

"Na Thongdi," in ji ta, ba ta ko ɗago daga almakashinta ba. "Gara in ba shi da hannuna da ya shigo ya ɗiba da kansa. Kai kuma kada in ga ka bi hanyar bayan nan da safe. Tasa ce."

Namiji in ya tsufa, kishinsa ba ya tsufa. Wirot ya garzaya rumfar Inna Sangiam mai taliya, wadda duk labarin da bai biyo ta tukunyarta ba to bai faru ba.

"Thongdi?" in ji tsohuwar. "Ai tun ba ta yi aure ba yake zuwa gonar nan. Marigayi mijinta ya sha korar sa da ihu da buga gwangwani, a banza. Inabi na nuna, sai ga shi. Ba sallama, ba ƙwanƙwasa ƙofa."

"To me yake da shi da ni ba ni da shi?"

Inna ta tsaya da ludayi a sama. Ta dube shi daga hular kwano har ƙasa, ta toshe baki da gefen zane.

"Girma, ɗana. Da haƙuri. Kuma bai taɓa sa irin wandon nan ba." Da ta ga ya miƙe yana huci, dariyarta ta ɗauke. "Kai, ka ji ni da kyau! In kun haɗu, ka sauka daga keken. Kada ka ɗaga masa murya. Ka ja da baya a hankali."

Shi ne zai ja da baya? Wirot ya bar taliyarsa tana tururi. Bai ga tsohuwar na laluben wayarta ba.

Ya koma shingen, ya ɗaure kwandon a bayan keke, ya shiga hanyar da aka hana shi. Zai dire wa mutumin inabinsa a gabansa, ya ce masa na bana shi ne na ƙarshe.

Abin haushi, hanyar daɗi gare ta. Duk yawonsa bai taɓa hawa irinta ba. Ba ta tunkarar tudu gaba da gaba, sai ta rungumi gefensa, ta lallaɓa, ba ka ankara ba kana sama, layukan inabi shimfiɗe ƙarƙashinka kamar kitso. Ƙasar a daddaɓe take, faɗinta ya ishi mutum uku. Duk wanda ya fitar da ita ya san tuddan nan kamar tafin hannunsa.

Can gaba ya ga rassan itatuwa a kakkarye, sama da kansa sosai. Wato babbar mota gare shi, ko da yake babu sawun taya. Gaba kaɗan ga taki tsibi-tsibi a tsakiyar hanya, ɗanye. Wato har taki yake kawo mata. Shi kuwa Wirot me ya taɓa kawowa? Biskit na gwangwani.

Hanyar ta gangara cikin kurmin gora, ta ƙare a bakin wani tafki. Ya jiyo fantsamar ruwa a bayan gorar. Mutumin wanka yake.

Wirot bai sauka ba. Ya cika ƙirji da iska.

"Thongdi! Fito mu yi magana, namiji da namiji!"

Ruwan ya yi tsit. Gorar ta soma rabewa.

A lokacin ne aka cafke hannunsa ta baya. Lamduan ce, almakashi na rataye a wuyanta, takalminta ɗaya, ta yar da babur ɗinta can nesa don kada ya yi ƙara. Ta ja shi daga kan keken kamar buhu.

"Rufe min baki, sakarai," ta raɗa masa. "Bi ni da baya, sannu sannu. In ka bari ya kashe ka, wa zan aura bayan tsinka?"

Wirot ya buɗe baki zai ce ta maimaita, sai gorar ta ƙarasa rabewa.

Thongdi ya fito yana ɗigar ruwa, ya dube su kamar wanda ya ga irinsu da yawa, ya kaɗa kunnuwansa masu kama da faifai, sannan toron giwar ya miƙa dogon hancinsa ya ɗauke kwandonsa daga bayan keken.