Minti Ɗaya da Aka Kashe Launin Sama

Tun kafin a haife ni sararin samaniyar garinmu yake bin ma'aunin kasuwar hannun jari. In farashi ya hau sai ya yi kore, in ya faɗi ya yi ja. Kowa sai ya ɗaga kai kafin ya amsa gaisuwar safe.

Da na gama digiri na kama aiki a ɗakin tarihin kasuwar, inda aka ajiye tsohuwar ƙararrawa da hotunan dillalan da. A can na ji cewa ranar da kasuwar za ta cika shekara ɗari, za a kashe launin na minti ɗaya da hantsi.

Kakata Iya Tabawa, wadda idanunta ke dusashewa tun bara, ta ce in hau da ita soro. Tana son ta ga saman ƙuruciyarta kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

"Riƙe ni da kyau, mai digiri," in ji ta a matakala. "Takarda ba ta ɗaukar tsohuwa."

Ƙararrawar kasuwa ta kaɗa daga nesa. Koren ya janye a hankali kamar an yaye mayafi, unguwa ta yi tsit. Wata maƙwabciyarmu ta rufe wa jaririnta fuska.

Iya ta yi ta kallon sama, sannan ta lalubo hannuna.

"Na makara, Nusaiba. Dishi-dishi nake gani. Faɗa mini yadda yake."

Na nemi sunan launin, na rasa.

"Iya, bai hau ba, bai faɗi ba. Yana nan kawai."

Ta yi murmushi, ta saki hannuna.

"To, shi ne."