Muryar Aku

Ko na dafa littafi na rantse ba za ku yarda ba, amma akwai ranar da bakin Injiniya ya mutu murus.

Injiniya mai gyaran kwamfuta nake nufi, na shagon ƙarƙashin bene. Sunan nan shi ya raɗa wa kansa, don makaranta tun a tsakiya suka yi hannun riga. Hannu kuwa yana da shi. Kwamfutar da aka yi wa wanka aka sa a likkafani, shi zai tashe ta, kuma sai duk layin ya ji labari.

Yana da wani wasa da ya yi suna da shi. In ya gama ceto kayan mutum tsaf, sai ya murtuƙe fuska, ya cire tabarau, ya ce komai ya tafi, sai haƙuri. Sai mutum ya ɗora hannu a ka, sannan ya danna maɓalli ɗaya, kaya su bayyana. Wani malami sai da aka yayyafa masa ruwa. Injiniya ya yi wata guda yana kwaikwayon faɗuwarsa.

Ranar da nake ba ku labari, bai daɗe da sake buɗe shagon ba bayan ya yi kwanaki a rufe, wata mata ta shigo rungume da tsohuwar kwamfuta a ƙirji. Ba ta tambayi kuɗin aiki ba. Ta wuce bencin masu jira, ta zauna a kujerar ciki.

Abu ɗaya take so. 'Yarta ƙarama ta rasu, zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Aku ake ce mata saboda surutu. A cikin kwamfutar akwai bidiyonta tana riƙe da sukudireba, tana yi wa 'yar tsanarta faɗa wai ta ƙi gyaruwa. Uwar ta ce fuskar tana nan a idonta, muryar ce ta fara ɓace mata. Da safe ta nemi yadda yarinyar ke cewa Umma, ta rasa.

Mijinta ya sha gaya mata ta kwantar da hankali, ya kwafe komai ya adana wuri uku. Ita dai kwamfutar ce ta ƙi tashi, abin da ya kawo ta ke nan. Injiniya ya san irin waɗannan maza masu cika baki. A zuciyarsa ya zagi mijin nan, zagin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Ya kunna. Faifan da ke ciki, inda komai yake ajiye, ya ce ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa. Duk mai wannan sana'a ya san sautin: allurar karatu ce take kartar faifan, kowace kunnawa tana cin wani abu. Ya yi maza ya kashe.

Ya kwance faifan, ya naɗe shi a leda, ya kai wa maƙwabcinsa mai sayar da lemo ya sa a firji. Dabara ce da ya sha yin alfahari da ita, wai sanyi na sa ƙarfe ya tsuke, faifai ya ɗan farfaɗo. Kullum mai lemo sai ya tsokane shi ko faifan ma ƙishi yake ji. Yau ya karɓa da hannu biyu, ya wuce da shi firji.

Suka zauna jira. Matar tana shafa 'yan taurarin roba da aka manna a murfin kwamfutar, karkace-karkace, aikin ƙaramin hannu. Injiniya ya juya baya yana jera sukurori da ba su buƙatar jeri.

Da faifan ya yi sanyi ƙalau, ya mayar, ya kunna. Abin mamaki, kwamfutar ta tashi. Ta nemi kalmar sirri, ya buga. Ya san minti kaɗan gare shi, kuma dokar aikin ita ce ka fara da abin da ya fi komai daraja. Ya nufi bidiyon kai tsaye, ya fara kwafa.

Layin da ke nuna ci gaban kwafin ya fara tafiya a allo. Ya kai rabi. Zufa ta tsiyayo masa ta wuya. Faifan kuma nasa gumin yake yi, sanyin firji yana komawa raɓa, waje da ciki. Wannan ɓangaren dabarar ne Injiniya bai taɓa faɗa a wurin alfahari ba.

Layin ya tsaya. Ƙas. Ƙas. Sai wani ɗan kuka siriri, sai shiru.

Ya gwada abin da ya kwafo, ya ƙi buɗuwa. Ya taɓa faifan, ko motsi babu. Ya kanga shi a kunne kamar mai neman numfashi. Ya daɗe a haka.

Sannan ya juyo. Ya cire tabarau. Fuskarsa a murtuƙe, ba da niyya ba.

“Komai ya tafi,” in ji shi. “Sai haƙuri.”

Matar ta dube shi. Ta dubi tabarau a hannunsa, ta dubi yatsansa da ke kusa da maɓalli. Sai fuskarta ta saki, ta yi murmushi, na farko tun ranar da aka fita da yarinyar. Ta gyara zama, ta matso da kujera kusa da allon.

“Haba Baban Aku, har ni ma sai ka yi wa wasan nan? Kai da ka ajiye wuri uku. Danna mana, in ji 'yarmu.”