Ƙulli Bakwai a Igiyar Guga

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wani tsoho mai haƙar rijiya a bayan gari, a ƙasar da ruwan sama sai an roƙa. Da hannunsa ya haƙa rijiyar gidansa, gaba goma sha biyu, ruwanta sanyi kamar na sabuwar randa. Ɗansa ɗaya ne, shi kaɗai ya koya wa sirrin sana'ar: yadda ake bin jerin itatuwan gawo da suri a gane inda jijiyar ruwa ta ratsa a ƙarƙashin ƙasa. Wasiyyarsa ma ɗaya ce: "Ran da na cika, da ruwan nan za ka yi mini wanka."

Birni ya yi ta matsowa. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama benaye. Masu benayen suka kawo injin burtsatse, a huda nan babu, a huda can babu. Sai suka nemo ɗan, suna ta ce masa "Injiniya, Injiniya." Shi da ko sakandare bai ƙarasa ba, sunan ya yi masa daɗi. Ya shige gaba, ya buga ƙafa a ƙasa ya ce nan. Ruwa ya yi tsiri. Ya nuna rijiya ta biyu, ya nuna ta bakwai. Tsohon kuwa duk rani sai ya ƙulla wa gugansa ƙarin igiya. Sau ɗaya tak ya yi magana, yana cikin ƙullin: "Ɗan nan, wa ya nuna musu hanya?" Ɗan ya dubi ƙasa.

Ranar da tsohon ya rasu, da hantsi, ɗan ya zura guga. Ƙulli na bin ƙulli ta cikin tafinsa, har bakwai, igiya ta ƙare. Ya jawo, sai yashi. Ya sauka da kansa yana tono da farce, ko danshi babu. Ga jama'a a ƙofar gida, rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba ta jira. Dole aka kira mai kura ya turo jarkoki daga burtsatsen farko, wanda shi ɗan ya buga wa ƙafa. Yana zuba wa mahaifinsa ruwan, yana jin warin roba a cikin ruwan.

Gaskiyar masu iya magana: da ɗan gari akan ci gari.