Ƙafar Maigida a Kan Tawa

Ƙafar maigidana ta hagu ta ƙi ɗagawa. Shi ya koya mini rawa da bulala. Yau 'yarsa ta kawo shi ajina bayan shanyewar ɓarin jiki, ko zai sake takawa.

Matasa tsawa nake musu, tsofaffi kuwa kujera nake ba su su dafa. Na gwada masa duka biyun, a banza.

"Kai, sakarai," ya ce, baki a karkace, "yaya kake yi da 'yan shekara uku?"

Na ɗora ƙafafunsa a kan nawa, na rungume shi. Ɗaya, biyu.

'Yarsa ta fashe da kuka: "Baba na rawa!"

Ban gaya mata ba. Ni kaɗai nake takawa.