Gurbin Nafi'u

Ranar da aka katse layukan waya a Zamfara, Nafi'u Ladan yana bakin makarantar da yake koyarwa a Kaura Namoda, yana ta ɗaga waya sama ko sabis zai tausaya masa. Amsar da yake jira ta nan za ta shigo.

Wata jami'a ce a Kudu ta buɗe gurbi ɗaya tak na mataimakin bincike. Ɗalibi zai yi wa farfesa aiki a gonar gwaji, jami'a ta ɗauke masa kuɗin digiri na biyu, ta riƙa ba shi alawus duk wata. Ga Nafi'u, ɗan manomi daga Banga, wanda da ƙyar aka haɗa masa digirin farko, in ba wannan hanyar ba karatu ya ƙare. Ya rubuta musu yadda yake so ya yaƙi ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero. Da aka yi ganawa ta bidiyo, Farfesa ya ce masa ya fara haɗa jaka.

Abokin ɗakinsa Armiya'u, ɗan Shinkafi, shi ma ya nema, amma yana dariya yana cewa shi ɗan rakiya ne kawai.

Sati ya wuce babu sabis. Armiya'u yakan je Zariya saro maganin dabbobi na shagon kawunsa, can kuwa waya na aiki. Nafi'u ya danƙa masa wayarsa da lambar sirrin imel ɗinsa, ya ce ya duba masa. Zuwan farko ya dawo ya ce shiru. Zuwa na biyu ya dawo babu wayar ma, wai an zare ta a tasha. Ya yi ta rantsuwa yana ba da haƙuri har Nafi'u ya koma shi ke lallashinsa.

Zuwa na uku ya shigo ɗaki kansa a ƙasa.

"Ni sunka ɗauka, aboki. Wallahi kunya nika ji."

Nafi'u ya ji abin har cikin ƙashinsa, amma ya rungume shi. Ai gara na gida da bare. Ranar tafiyar Armiya'u Kudu, shi ya ɗauko masa jaka zuwa tasha, ya kuma cusa masa ƙulli na ƙuli-ƙuli da mahaifiyarsa Inna ta aiko daga Banga.

Farfesa ne bai yafe wa ba. Mutum da furfurarsa ya ce maka haɗa jaka, sannan ko kalmar haƙuri ya kasa aiko maka? Da sabis ya dawo, imel ɗin ya ƙi buɗuwa, layin da aka sace kuma ya riga ya mutu. Ya yi niyyar ya nemi lambar Farfesa ya amayar masa da abin da ke ransa. Armiya'u ya hana shi, ya ce tsohon ba ya son naci, kiran zai iya ɓata musu duka biyun. Ya ce ya bar komai a hannunsa, yana nan yana gyara masa hanya.

Kuma da alama yana gyarawa. Hutun farko sai ga shi a Banga da buhun shinkafa da turmin atamfa, ya ce malamansa ne suka ce a kawo wa Inna. Tsohuwa ta yi ta sa albarka, tana mamakin kirkin mutanen da ba su taɓa ganinta ba.

Da Armiya'u ya kusa gamawa, gurbin ya sake buɗuwa. Ya ce kada Nafi'u ya wahalar da kansa da intanet, ya kawo takardunsa zai miƙa hannu da hannu. Nafi'u ya ba shi. Damina ta zo ta wuce, ƙuduji ya cinye rabin gonar Inna, amsa ba ta zo ba.

Haƙurin Nafi'u ya ƙare. Ya sayar da ɗan geron da ya tsira, ya hau mota zuwa Kudu bai gaya wa kowa ba, har Armiya'u, don ya san zai hana shi. So yake ya tsaya gaban Farfesa ya tambaye shi laifin da ya yi.

Farfesa yana gonar gwaji. A ofis sai wata malama ya tarar, Dakta Karima, mutuniyar Neja da ke jin Hausa. Ya gaishe ta, ya ce maganar gurbin mataimakin bincike ce ta kawo shi. Ta ɗauki biro ta tambayi sunansa. Da ya faɗa, sai ta ajiye biron ta haɗe rai.

"Malam, ba a wasa da wannan sunan a nan. Farfesa har yau bai daina jimami ba, shi ya sa ya sa wa gurbin sunan yaron."

Nafi'u ya ce bai gane ba.

"Marigayi Nafi'u Ladan mana, wanda aka fara bai wa gurbin. 'Yan bindiga suka kashe shi a hanyar Shinkafi lokacin da aka katse muku waya. In kana son labarin, jira Armiya'u ya shigo, shi da hannunsa ya saka shi a kabari."