Wutar da Aka Kunna Don Tsaron Dawa

Bayan rasuwar matata Sahura, zuciyata ta tsaya a kan maƙwabcinmu, wanda muka taɓa saɓawa kan katanga. Likitoci sun ce cutar lupus ce, wadda jiki ke yaƙar kansa, ni na ce jifa ne. Ban ga yadda jiki zai ci kansa ba, kumatu su yi ja, gaɓoɓi su kumbura, ƙoda ta gaji. Na ɗaura niyyar zuwa ƙofarsa in faɗa a gaban jama'a. Baba Gwadabe, tsohon malamin asibitin unguwarmu, ya riƙe hannuna ya zaunar da ni.

Ya ce wani manomi ne ya gaji gona mai albarka daga kakansa. Da aka yi girbi ya jera dammunan dawa a tsakiya, ya ƙone ciyawar da ke kewaye, yadda kowa ke yi, don in mafarauta sun cinna wa daji wuta ta zo ta rasa abin ci. Ƙanensa ma haka ya yi a tasa gonar, wutarsa ta gama aikinta ta mutu. Abin da manomin bai sani ba, gonarsa tsohuwar masussuka ce. Ƙaiƙayin shekaru na kwance ƙarƙashin ƙasa, shi ke ba ta albarka, shi kuma ya riƙe garwashin. Mutumin na zaune bakin gona da sanda, idonsa na daji, wuta na rarrafe ƙarƙashin ƙafarsa ko hayaƙi babu. Da rana ta take iska ta taso, sai wutar ta ɓullo a gindin dammunan. Ya nemi sawun mafarauta har ya gaji. Da ya dawo ya duba toka, baƙin layin daga wutar da ya kunna ya taso.

"Ɗana," in ji Baba, "kumburi da zafi wutar tsaron jiki ce. Cikin ƙwayoyin halittar da ake gada akwai masu kunna ta, akwai masu kashe ta. A jikin wasu takan ƙi mutuwa, zafin rana ko wani ɗan ciwo ya hura ta. Ba laifin kakan, ba laifin mai gona, balle maƙwabci."

Da la'asar maƙwabcin ya zo karɓar tabarmin da ya ara mana na zaman makoki. Ni na naɗe su, na ɗaukar masa har gida. Hausawa sun faɗa: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.