Ragon Kanti Da Wutar Mai Tsire

Ajiye abin da ke hannunka tukuna, ɗan'uwa. Na ga ka kwance na'urar nan sau uku tun safe, kuma ni ma na gaji da kallonka. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai gyaran lantarki, gwani ne ba laifi, wanda mai wani kantin kayan yara ya ba shi aikin haɗa ragon ado saboda Babbar Sallah. Ya ƙera shi da waya da auduga, ya sa masa ɗan inji a wuya, ya sa masa allon ƙwaƙwalwa a ciki wanda ake rubuta wa umarni da kwamfuta, sannan ya dasa masa a ƙirji wani ɗan ido mai jin ɗumin jikin mutum. In yaro ya gitta, sai rago ya ɗaga kai ya yi kuka sau ɗaya, ya koma ya yi shiru. Mai kanti ya ce in ragon ya yi Sallah lafiya, shi zai ba aikin adon duk rassan kantinsa na baɗi. Aka kafa shi a ƙofar kanti saura kwana shida. Da la'asar sai ga waya daga mai kanti, wai rago ya haukace, yana ta kaɗa kai yana kuka ba kowa a gabansa. Washegari da hantsi mai gyaran ya zo ya tarar da shi tsit, ya gitta, rago ya yi kuka sau ɗaya kamar yadda aka umarce shi. Ya ce to ƙwaƙwalwa ce. Ya cire ta ya kai shago, ya goge umarnin ya sake rubutawa, ya mayar kafin azahar, ya tafi gida. La'asar ta yi, waya ta sake shigowa. Kashegari ya sayi sabon allo. Bayan nan ya canza wayoyi, ya canza batir, ya narka dalma har yatsunsa suka yi bororo. Kullum da safe yake zuwa, don shi mutum ne mai tsari, ba ya aiki bayan la'asar. Ni dai tausayi yake ba ni, amma taurin kansa ya fi ba ni haushi.

Ranar jajibere gajiya ta kayar da shi. Ya zauna a kan dakalin kanti, ya kasa tashi, har la'asar ta riske shi a wurin. Sai ga mai tsiren da ke gefen ƙofa ya zo ya hura gawayinsa. Yana sa mafici, iska ta kwaso zafin ta watsa wa ragon a ƙirji, rago ya ɗaga kai ya fara kuka. Mai tsire ya ga mutumin ya zuba masa ido, ya ce, "Ai Malam, kullum haka muke yi da shi. Na ɗauka haka ka yi shi." Gyaran bai wuce a karkata idon nan kamu ɗaya ba. Ya miƙe zai karkata ke nan sai ya ji ƙauri, injin wuyan da ya kwana biyar yana wahalar banza ya ƙone, ga kasuwar kayan lantarki ta watse sai bayan Sallah. Haka ragon ya yi Sallah da wuya a lanƙwashe, yara suna ta gittawa suna yi masa tafi ko motsi bai yi ba, kuma mai kanti bai sake kiran mutumin ba.

Saboda haka, kafin ka sake kwance na'urarka, je ka zauna inda take aiki, a lokacin da take ɓata maka rai. In ba haka ba, kai ma za a ce an bar jaki ana dukan taiki.